Yadda Muka Kai Zuwaira Kano Cikin Inuwa

Tun da na dawo ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a gindin itacen bedin ƙofar lakkwal, wato makarantarmu, sai wani ya matso ya ce, "Mushe Laminu, yaya Kano?" In fara, in kai kan iyaka, sai wani ya iso ya ce a koma farko. Na ba da labarin nan har ya soma canja kama a bakina. Jiya na ji kaina ina cewa kwana uku muka yi a hanya, alhali kwana ɗaya ne tak. Shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu, na zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Wanda bai san gidanmu ba, ga yadda yake. Ni ina koyarwa a nan Magariya. Mahaifiyata, Inna Hajo, tana Kwaya tare da jikarta Zuwaira, 'yar yayata Habi. Yaya Habi ta rasu a shekarun fari. Ciwo ne ya ɗauke ta, amma ya same ta ba ta da jikin da za ta tare shi da shi, ta rame har in ta juya a kan tabarma kana iya ƙirga haƙarƙarinta ta cikin zane. Inna ce ta yi jinyarta, ita ta rufe mata ido. Daga ranar ta ɗauki alkawari tsakaninta da Allah cewa 'yar da Habi ta bari ba za ta taɓa ramewa ba.

Ta cika alkawarin har ya yi yawa. Da ruwa ya dawo aka sami gero, sai ta shigar da Zuwaira ƙuryar ɗaki. Ba daka, ba rijiya, ba gona, ba dandali. Kunu da sukari da safe, fura da hantsi, tuwo da rana, tuwo da yamma, ga ƙuli-ƙuli a gefen matashi ko da za ta ji marmari. Inna tana da wani ilimi nata na kanta, wai rana tana shan jikin mutum, abin da ka ci da safe in ka fita sai ta kwashe shi kafin azahar. Don haka ko bayan gida Zuwaira za ta kewaya sai an lulluɓa mata zane biyu. Shekara biyu ana haka. Yarinya ta yi jiki, ta yi haske, matan gari suna zuwa kallo suna sa albarka. Ni ma in na je hutu na gan ta sai in ji daɗi, in ce Inna ta iya riƙo. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka na fi uwata wayo.

Da fari ƙugu ta ce yana mata ciwo, sai cinyoyi. Tafiyarta ta koma ta agwagwa, tana jefa jiki hagu da dama. Daga nan tashi daga tabarma ya gagara sai an ja ta. Kafin ruwan farko na bana, yarinya 'yar shekara goma sha biyar ba ta iya ƙetare tsakar gida. An yi rubutu, an yi hayaƙi, mai ɗori ya zo ya lalube ya ce shi bai ga karaya ba. Majo, ma'aikacin jinya na disfanser, ɗan ɗakin shan maganinmu, ya yi mata allura, ya ja ni gefe ya ce gaskiya sai an ɗauki hoton ƙashi, ko Damagaram ko Kano. Inna ta ce Kano, don can ƙanwarta Hajiya Delu take, ita kuma ba ta sauka a garin da ba ta da ɗan'uwa. Da aka ba mu bakansi, babban hutun makaranta, na kama hanyar Kwaya, abu ɗaya ne a raina, kada 'yar Yaya Habi ta gurgunce ina kallo.

Maƙwabcinmu Malam Buba ne zai kai mu Magariya. Bafulatani ne mai noma da kiwo, fari ya bar shi da sa guda, shi yake ɗaura wa amalanke. Na iske Inna ta sa shi aikin kwana biyu. Ya kafa itace huɗu a kan amalanken, an kewaye da zana, an rufe sama da tabarma, an ɗora bargo a kan tabarmar. Da na hango abin na zaci rumbu za mu kai kasuwa. Mata huɗu suka ɗauko Zuwaira a lulluɓe suka cusa ta ciki, Inna ta bi da ƙwaryar fura da ta gyaɗa, ta ja bakin bargo ta zauna a kai.

Mun ɗan yi nisa sai na ji murya daga cikin zana.

"Kawu, duniya tana nan?"

"Tana nan, Zuwai."

"Gero ya kai ina?"

"Ya kai gwiwa."

"Gwiwar wa? Taka ko ta Kaka? Don ta Kaka ba nisa."

Inna ta ce, "Ci gaba, ƙawata. In kin warke ni da ke ne."

Haka suke, kaka da jika, kullum cikin tsiya. Can na ga ɗan yatsa ya ɓullo ta tsakanin zana yana faɗaɗa kafa, sai ido ya maye gurbinsa. Inna ta gani, ta yagi tsumma daga bakin zanenta ta toshe. Malam Buba ya yi gyaran murya.

"Inna, ni dai abin da na sani na shanu ne. Ɗan maraƙin da aka ɗaure cikin ɗaki don tausayi, ban taɓa ganin ya yi ƙafar kirki ba."

"Jikata ce maraƙi, Buba?"

"A'a, Inna."

"To kora sanka."

Ya kora sansa. Ni kuma na yi dariya tare da Inna, na nuna masa ai ni ne mai boko a wurin.

A wata fadama kusa da Magariya ƙafar amalanke ta nutse. Na sa wandona na ranar rabon sakamako da takalmin da nake shafa wa mai, don ina so mutanen Kano su san ba daga daji aka fito ba. Malam Buba ya ce in tura ta baya shi ya ja sa ta gaba. Na tura, amalanke ta fita gaba ɗaya, ni kuma na bi ta da fuska. Da na miƙe ba a gane gabana da bayana. Inna ta ce sannu, amma kafaɗunta suna rawa. Daga cikin zana kuwa dariya ce har da tari, ashe 'yar banza ta sake huda wata kafar. Rabona da jin dariyarta haka tun uwarta tana da rai, saboda haka ban ji zafin wandon ba sosai.

Muka kwana a ɗakina na Magariya, da safe muka shiga motar Kano, irin mai rumfar tamfol a baya. Inna ta sa aka zaunar da Zuwaira a kusurwa, ta ɗaure bargonta daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ta yi mata ɗaki a cikin ɗaki. Sauran fasinjoji suka ɗauka mai jego ce, wata tsohuwa har tana tambaya mace aka samu ko namiji.

A Tinkim, bakin iyaka ta ɓangarenmu, ba mu sha wuya ba, ɗan duwan ɗin, wato ɗan kwastan, da ke bakin aiki uban ɗalibina ne, ya duba kardante, katin shaidarmu, ya ce mu gaida Kano. Da muka ƙetara ne aka yi ta. Wani jami'i dogo mai gashin baki ya leƙo, idonsa ya sauka a kan bargo. Ya yi magana da Turancin Ingilishi. Na gyara tsayuwa na zuba masa Faransanci, irin wanda nake ajiyewa don ranar da sufeto zai zo lakkwal. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce da Hausar da ta fi tawa tsabta, "Malam, me kuka ɓoye a nan?"

Inna ta riga ni. "Mutum ce."

"To a buɗe in gani."

"Ba a buɗe ta da rana."

Ya dube ni, ya dubi Inna. Na ga a fuskarsa ya gama lissafin turamen atamfa ko katan-katan na taba. Na ce a raina yau mun kwana a nan. Amma mutumin yana da uwa, ina tsammani, don sai ya tambayi Inna a ina ake buɗewa. Ta ce a inuwa. Ya sa direba ya ja motar zuwa gindin wata tsamiya, fasinjoji duk suka biyo a ƙasa, har da masu talla. Inna ta duba sama ta tabbatar ganye ya rufe, sannan ta kwance bakin bargo.

Ga Zuwaira zaune, gumi ya jiƙe ta sharkaf, ƙwaryar gyaɗa a cinya. Ta ce, "Ina kwana, Baba. Bisimilla."

Jami'in ya yi dariya har ya cire hula. Ya ɗebi gyaɗar, ya ji labarin ƙafafun, ya daina dariya ya ce Allah ya ba da lafiya, shi ma yana da kamarta a gida. Ya saya mata lemo biyu ya ce mu tafi.

A Ɗambatta muka tsaya cin abinci, a nan na fara ganin burodinsu. Namu dogo ne mai tauri, ka ci rabi ka kori kare da rabi. Nasu kuwa gajere ne mai kusurwa huɗu, laushi kamar matashi, ga zaƙi. Shayinsu a kofin da za ka iya alwala da shi, madara har ya yi fari. Inna ta ɗanɗana ta ce lalle mutanen nan sun san abin da ke gina jiki, ta sa aka saya wa Zuwaira burodi biyu. Kowa kuma Malam yake ce mini, don a wurinsu mai koyar da boko ma malam ne, lakkwal kuma makaranta. Inna ta ce, "Ka gani, ka ƙetare iyaka ka zama malam ba ka sauke ko izu goma ba."

Kano ba zan iya kwatanta muku ita ba, kuma ba zan gwada ba. Ku dai ɗauki kasuwar Magariya ranar da ta fi cika, ku ce ba ta watsewa, kuma kowa a cikinta yana kan keke ko babur yana sauri. Gidan Hajiya Delu a Fagge yake, bene ne na ƙasa, da famfo a tsakar gida da lantarki. Daga cikin ɗakinta take sayar da atamfa, ba ta taka ƙofar gida amma ta san farashin kowane kanti. Shekara goma sha ɗaya rabonta da Inna. Suka rungume juna suka yi kuka, kafin la'asar sun fara faɗa. Abin da ya jawo shi ne da aka shigo da Zuwaira aka yaye lulluɓi, Hajiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Yaya, wannan riƙo kika yi ko kiwo?"

Ni aka ba ni ɗakin zaure. An ciyar da mu shinkafa da miyar da nama ya fi ruwa yawa, da gurasa, da wani abin zaƙi da suke kira alkaki. Abin da ya ba ni mamaki, a Kano baƙo ba a fara tarbarsa da fura sai ya roƙa. Inna ta ce wannan rashin tarbiyya ne, Hajiya ta ce ci gaba ne, aka sake sabon faɗa.

Kwana biyu muka yi muna zirga-zirga a asibiti, yankan kati, jiran layi, ɗaukar hoto, ɗibar jini. Rana ta uku aka shigar da mu wurin likita. Mace ce 'yar Indiya, ƙarama, da jan ɗigo a goshi. Wata nas Bakanuwa mai saurin baki ce ke fassara. Faransancina dai ya ci gaba da hutawa a aljihu. Likita ta ɗaga hoton ƙashin ta duba a jikin fitila, ta danna ƙugun Zuwaira da ƙaurinta, yarinya ta cije leɓe. Sai tambayoyi.

Me take ci? Inna ta jero su da alfahari, ba ta manta ko ƙuli-ƙuli ba. Nono fa? Inna ta ce shanun sun mutu, furar da ruwa ake damawa. Kifi? Ba ma samu sai jefi-jefi. Hanta? Ta maza ce, ranar Layya. Ƙwai?

"Ƙwai?" in ji Inna. "Ɗiya mace? In koya mata sata?"

Nas ta fassara, likita ta yi murmushi ta rubuta. Sannan ta tambaya, a yini sa'a nawa take yi a waje.

Inna ta kau da kai. Nas ta maimaita. Zuwaira ta sunkuyar da kai, ni na kama kallon takalmina.

"Ba ta hita," in ji Inna.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Wa ya hana ta?"

Wannan ba likita ce ta tambaya ba, nas ce da bakinta. Na buɗe baki in ce al'ada ce, ko in ce ciwon ne, ko wani abu dai. Inna ta ce, "Ni."

Likita ta ajiye alƙalami ta yi bayani a hankali, tana kallon Inna, ba ni ba. Ta ce ƙasusuwan yarinyar ne suka yi laushi. Akwai wani sinadari da ake kira bitamin D, fatar mutum ce ke yin sa in rana ta taɓa ta, kuma in babu shi ƙashi ba ya iya ɗaukar ƙarfin da ke cikin abinci, ko da an ci rumbu guda. Ana samun kaɗan a ƙwai da kifi da hanta, su ma ba ta ci. Ƙari a kan haka, kitsen jiki yana tsotse ɗan wanda ya samu ya riƙe, ba ya sakar wa jini, don haka mai jiki ta fi siririya bukatarsa. Ga ta kuma a shekarun da ƙashi ke girma. Ta ce ta san ciwon nan tun a ƙasarsu, wurin matan da ba sa fita, kuma a cikin birnin Kano ma tana ganinsa. Ni kuwa maraƙin Malam Buba ne ya tsaya mini a rai, na ji kunya ta rufe ni.

Na ce a tambaye ta abu ɗaya, za ta taka?

Likita ta ce za ta taka, in mun bi abin da ta faɗa. Ta rubuta ƙwayoyi da man hantar kifi cokali ɗaya kullum. A ba ta ƙwai da kifi, a rage sukari da kunu. Kowace safiya a fitar da ita ta zauna a rana, hannu da ƙafa a buɗe, kuma ta riƙa gwada takawa kaɗan-kaɗan. Mu dawo bayan mako shida.

Na fito kamar in yi rawa a gaban mutane. Sai a mota na lura Inna ba ta ce komai ba. Ba ta ce komai ba a gida, ba ta taɓa tuwo ba, Hajiya ta tsokane ta ba ta rama ba, wanda shi ya fi tsorata ni. Kwana biyu tana zaune a bakin gado da tasbaha. Ni kuma tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Inna ga yadda za a yi ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ga shi tsakar gidan Hajiya ƙunci gare shi, rana ba ta leƙa shi sai tsaka. Wurin da ake samunta da safe shi ne saman soro, inda ake shanya, matakala goma sha huɗu.

Safiya ta uku ina shan koko a bakin ƙofa na ji Zuwaira ta ce, "Kaka. Ƙawata. Tashi ki kai ni sama."

Inna ta ci gaba da jan tasbaha.

"Kawu ba shi iyawa shi kaɗai, kin ga yadda ya yi da amalanke."

Inna ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ni na kwantar da ke, Zuwai."

"Ke kika ciyar da ni lokacin da ba kowa ke ci ba. Ina gani kina ba ni naki kina cewa kin ƙoshi. Yanzu kuma tashe ni, tunda kin iya."

Na ajiye kokon na fita zaure, don ba na so a ga fuskata. Da na dawo na iske Inna ta ɗaure ɗamara, tana ba 'yan aikin Hajiya umarni kamar ita ta gina gidan. Muka sa Zuwaira a cikin zane mai kauri, ni da mata uku, muka hau da ita. Bayana har yau bai yafe mini ba. A sama Inna da hannunta ta naɗe mata zane zuwa gwiwa, ta zauna kusa da ita ta miƙe nata ƙafafun. Zuwaira ta rufe ido, ta ɗaga fuska, ta daɗe a haka. Inna ta dubi sama ta yatsine.

"Wannan ce ranar tasu? Mun baro wadda ta hi ta tuli a Kwaya, kyauta, mun zo muna hawa bene nemanta."

Daga nan na san ta dawo.

Man kifin nan kuwa, Allah ya raba ku da shi. Inna ta fara ɗanɗanawa ta ce ko maƙiyi ba a ba wannan. Zuwaira ta ce ba za ta sha ba sai Kawu ya sha tare da ita, cokali da cokali. Mako shida ina sha. In na yi gyatsa a masallacin unguwa sai in ga na kusa da ni ya ɗan matsa, har wani dattijo ya tambaye ni ko kamun kifi nake yi a ƙasarmu. Ƙwai ma Inna ta sallama, da yake damina ce ƙwan zabi ya yi arha, amma sai ta tofa addu'a a kan kowanne kafin ta ɓare. Ana cikin haka alkakin Hajiya ya fara raguwa a cikin kwano. Aka bincika, aka samu gutsattsarinsa a ƙarƙashin matashin wadda aka hana zaƙi. Inna ta tafa hannu ta ce, "Ban hwaɗa ba? Ƙwai ne." Ta yi kwana uku tana jin daɗin wannan nasara.

Ranar da hadari ya rufe gari tun safe kuwa, sai ka ga Inna a saman soro tana harararsa tana cewa ya wuce ya ba mutane wuri. Matar da ta yi shekara uku tana roƙon Allah hadari ke nan. Hajiya ta ce za ta aika Kwaya a gaya wa manoma wadda ke kore musu ruwa.

Ni a tsakanin nan na ɗan zaga gari. Na ga marina, na ga kasuwar Kurmi inda na ɓata sau biyu a yini ɗaya, na je tasha na tsaya har jirgin ƙasa ya tashi don in ce na gani. Amma in kun tambaye ni abin da na kalla a Kano, matakalar nan ce. A mako na uku Zuwaira ta ce ciwon ya ragu, tana barci har safe. A na huɗu ta tashi daga tabarma ba wanda ya ja ta, ta tsaya tana dafe da bango tana haki tana dariya. Sai ta fara hawa uku da kanta mu ɗauke ta sauran, sai biyar, sai takwas. Inna tana biye da ita a baya da hannuwa a buɗe, ko da yake in da ta faɗo, su biyun za mu kwasa.

Wata Juma'a da hantsi na dawo daga aski na leƙa ɗaki ban gan ta ba. Na tambayi Hajiya, ta nuna sama da haɓa. Na ce wa ya hau da ita? Ta ci gaba da ninke atamfa. Sai na ji daga sama, "Kawu, in kana son rana ka hawo, ni ba ni iya ɗaukar ka." Na hau har tsakiya, na zauna a kan matakala na yi kuka sosai. Na tuna Yaya Habi, ita ta goya ni zuwa lakkwal ranar farko da na ƙi tafiya.

Da muka koma asibiti likita ta sa ta taka daga ƙofa zuwa taga ta dawo, ta ce madalla da Hausa, ita ke nan kalmar da ta iya. Ta ce a ci gaba da komai a gida, ƙashi bai gama ƙwari ba tukuna. Hajiya ta haɗa mana tsaraba, ta ba Zuwaira turmi guda, suka yi faɗan sallama da Inna a kan wa ya fi wani taurin kai, sannan suka yi kuka. Dawowa ba abin da ya faru, sai dai Zuwaira ta zauna a bakin mota tana tambayar sunan kowane ƙauye.

Malam Buba ya tarbe mu a Magariya. Gero ya yi kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Da muka hango rumbunan Kwaya, wajen la'asar, Zuwaira ta ce a tsaya. Ta sauko a hankali, ta karɓi sandar Malam Buba, ta kama hanya. Muka bi ta a ƙasa, ni da Inna, sa yana biye da mu da amalanke ba kowa a kai. Tafiyar da ba ta fi a sha ruwa ba ta ɗauke mu kusan rabin sa'a, tana tsayawa tana hutawa, ba wanda ya ce ta hau.

Rijiyar fadama tana bakin gari, kuma lokacin ɗibar ruwa ne, mata sun cika ta. Suka saki abin da suke yi. Wasu 'yan mata sa'o'inta suka rugo suka kewaye ta, ana ta sannu da zuwa, ana taɓa ta. Sai Iya Gambo, tsohuwar ƙawar Inna, wadda bakinta ba ya jiran kanta, ta matso da guga a hannu ta ƙare mata kallo.

"Hajo, me suka yi mata a Kanon? Yarinyar nan ta rame."

Shekara biyu ba wanda ya isa ya furta wannan kalma a gaban Inna. Zuwaira ta juyo tana kallon kakarta.

Inna ta dube ta tun daga wuya har ƙafafun da suka yi buɗu-buɗu da ƙasar hanya. Ta daɗe tana dubawa.

"Ta rame, Gambo," in ji ta. "Ta yi baƙi kuma. Ba ni gugan nan."

Ta karɓa ta miƙa wa Zuwaira. "Jawo mini ruwa, ƙawata. Ƙishirwa nike ji."

Zuwaira ta ba ni sandar. Ta taka zuwa bakin rijiya, ta kafa ƙafafunta, ta zura guga, ta jawo shi hannu bayan hannu, rabinsa yana zubewa a kan zanenta. Ta juye a ƙwarya ta kawo da hannu biyu. Inna ta kafa kai, ta sha, ta sha, ba ta sauke ƙwaryar daga fuskarta ba har bayan ruwan ya ƙare.